Randunan Malam Manu Makera

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Litinin, bakwai ga watan Nuwamba na shekarar 1988, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Manu Makera a gidansa, bayan zazzaɓin da bai cika mako guda ba. Yana da shekara sittin da ɗaya. Ya bar mata ɗaya, Huseina, da 'ya'ya biyar da jikoki, da tafkin kiwon kifi guda a ƙasan madatsar ruwa ta Zobe, da randuna bakwai cike da koren ruwa. Ina cikin aji a Dutsin-Ma ina koyar da darasin numfashi, sai ga Malam Simeon, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Da na fito ya faɗa mini rasuwar. Kafin la'asar an kai Malam Manu makwancinsa.

Malam Manu, ba don in gaya wa mutanen Makera ko kai wane ne nake wannan rubutu ba, sun fi ni saninka. Na ga masunta sun zo jana'izarka ƙafar wando a jiƙe, sun bar taru a ruwa. Na ga dattawan da ban taɓa ganin hawayensu ba suna goge fuska da bakin rawani. Waɗannan ba su bukatar takarda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar addu'ar uku, lokacin da wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanka, jami'in da aka ɗora kan tafkunan kifi ya fito. Ba zan rubuta sunansa ba. Takarda tana daɗewa, shi kuwa bai cancanci ya daɗe ba. Masunta suna kiransa Mai Safa, domin shekara huɗu yana shugabancin kiwon kifi amma ba wanda ya taɓa ganin yatsun ƙafarsa, balle ya gan su cikin ruwa. Ya zauna a gefen tabarma, aka yi addu'a aka shafa, sannan ya gyara murya ya ce ofishinsu ya yi rashin abokin aiki. Abokin aiki! Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ce in gaya wa iyalinka a adana randunan nan da kyau, kayan gwamnati ne, zai zo ya kwashe.

Abin da ke cikin randunan nan rai gare shi. In ya faɗa hannun wanda bai san shi ba, kwana huɗu ya ishe shi mutuwa, kuma babu irinsa a wani wuri. In ya mutu, tafkuna goma sha biyu za su shiga bazara tsirara, aikinka na shekara uku ya bi ka kabari, sunanka kuma a shafe shi daga abin da ka gina. Saboda haka zan faɗi labarin tun daga farko, don wanda ya zo bayanmu ya san na wa ne.

Na fara saninka a 1984, shekarar da aka haƙa tafkunan aka raba wa masuntan da ruwan madatsa ya cinye wa gonaki. Na kai 'yan aji huɗu su ga kiwon kifi, ina ta rawar jiki da littafi a hammata. Na tsaya a gaɓa ina nuna musu hoton tarwaɗa ina bayani, kai kana cikin ruwa iya gwiwa kana saurare. Da na numfasa ka ce, "Malam, wannan taka ba ta da lafiya ne? Tun ɗazu ban ga ta motsa ba." Yara suka bushe da dariya, ni ma na yi. Ka sa hannu ka ciro mai rai, ka sa kowane ɗalibi ya taɓa ta, har masu ƙyama, ka nuna musu inda take soka da yadda ake riƙe ta ba ta ji ciwo ba. Sa'a guda ka koyar da abin da na yi zango guda ina fama da shi. Tun daga ranar, duk Asabar da na samu sarari ina bakin tafkinka.

Bazarar 1985 ta zo da cuta. Ruwa ya ja baya ya ɗumama, kifi ya fara fitar da farin tabo a gefe, tabon ya zama gyambo, da safe sai a tarar da su birjik a saman ruwa, ciki a sama. Ofis ya ce a jira magani daga hedikwata. Aka jira. Maganin ya iso bayan saukar damina, lokacin da babu sauran abin da za a yi wa magani, Mai Safa kuma ya tara mutane ya yi jawabi a kan kwalayen.

A cikin wannan bazarar ka je Kurfi sunan jikar ƙanwarka. A bayan gari akwai wani tsohon kududdufi da aka daina ɗibar ƙasar gini a cikinsa, ruwansa kore shar. Ka ga an kamo ƙarfasa a ciki, ka karɓa ka juya ta: ba tabo, ba gyambo, jiki sumul, alhali ruwan ya fi na tafkunanmu zafi da ƙaranci. Ka fasa cikinta ka ga hanjin cike da kore. Mutane suna can suna cin tuwon suna, kai kana tsugune a bakin kududdufi da babbar riga. Ka dawo Makera a motar kasuwa da gora biyu na wannan ruwa a cinya, har wata tsohuwa ta tambaye ka ko maganin shawara ne, a sam mata.

Kowa ya san gansakuka, kowa kuma ƙazanta ya ɗauke ta. Kai ne na fara gani yana kiwonta kamar dabba. Ka jera randuna a bakin tafki inda rana ke samunsu, ka zuba ruwa mai kyau, ka ɗaure kashin kaji a tsumma ka rataya a ciki, ka zuba ɗan ruwan Kurfi a kowace. Safe da yamma kana motsawa da sanda. In koren ya yi kauri ka tace da farin ƙyalle, ka shanya a inuwa, Huseina ta daka shi da dusa da ƙuliƙuli, a mulmula ƙanana a watsa wa kifi. Kuma ba ka taɓa tace randa duka ba, kullum sai ka bar kashi ɗaya cikin uku ya zama iri. Ka ce a wurin mahaifiyarka, Dada, ka ga haka. Bafulatana ce da ta auri masunci, kuma har ta rasu ba ta taɓa sayar da nono ta kankare ƙwarya ba, sai ta rage na jiya da za ta zuba a madarar yau.

Ka koya mini cewa gansakuka ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke gauraye da ruwa, mai ƙanshin ɗanyar ciyawa. Akwai kuma wadda ke kwanciya a sama kamar an zubar da fenti, mai ɗan shuɗi, mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta farko abinci ce, ta biyu guba. In ba a kula ba ta biyun tana shiga randa ta mamaye ta farko, saboda haka kowace safiya sai ka sunkuya ka shinshina kowace randa kafin ka taɓa ta.

Ranar da na kai ka ɗakin gwajinmu ba zan manta da ita ba. Malam Simeon ya ɗiga ruwan randarka a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya nuna maka yadda za ka rufe ido ɗaya. Ka daɗe a sunkuye. Da ka ɗago ka ce, "Simeon, ashe garke nike kiwo ban sani ba! Da Dada ta ga wannan da ta ce ɗanta ya dawo hanya." Simeon ya ce, "To Baba, saura mu samo maka sanda da malafa." Ka ce a'a, shanunka ba su ɓarna a gonar kowa. Daga ranar kuka ƙulla abota, kai da shi, har Kirsimeti kana aika masa da tarwaɗa, shi kuma matarsa Lai'atu tana aiko wa Huseina man ja da Sallah.

A bazarar 1986 muka yi gwaji yadda ya kamata. Tafkinka da na maƙwabcinka Ummaru ruwa ɗaya suke sha, 'ya'yan kifi kuma rana ɗaya aka zuba muku, ɗari huɗu-huɗu. Kai kana ba naka haɗin kore, Ummaru yana ba nasa dusa zalla. Ɗalibaina suka riƙa rubuta duk wanda ya mutu. Cuta ta shiga tafkunan biyu, amma kafin ruwan sama Ummaru ya rasa ɗari da saba'in, kai ka rasa ashirin da biyu, kuma a naka mun ga masu gyambo suna warkewa. Ban ce mun gano sirrin abin ba, ɗakin gwajinmu bai kai nan ba. Abin da na fahimta shi ne haɗin yana ƙara wa kifi garkuwar jiki. Kai ka faɗe shi fiye da ni: "Ni ba cuta nike kashewa ba, Malam. Kifin nike ginawa, shi yi faɗansa da kanshi."

Na zauna na rubuta duk wannan da Turanci mai tsabta, shafi uku, da sunanka a sama, na kai ofis ina murna kamar yaron da ya ci jarrabawa. Mai Safa ya riƙe takardar da yatsa biyu. Ya ce, "Haba Malam, kai da ka je jami'a? Abincin kifi a buhu yake zuwa, da rubutu a jikinsa. Wannan tsohon miyar kuka yake dafa wa kifin gwamnati." Akawunan ofis suka duba fuskarsa, suka ga dariya yake so, suka yi masa. Kafin mako guda maganar ta isa kasuwa, 'yan zaman banza suka fara kiranka Manu Miyar Kuka. Kai kuwa kana amsawa, har kana tambayarsu ko a zubo musu.

Sai watan Maris na 1987, aka ce manyan baƙi za su zo daga hedikwata su duba tafkuna. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba a tambayar ko abu yana aiki, ana tambayar ko ya yi fari. Aka sare ciyawa, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, aka shafa wa gindin itatuwa, da akwai akuyar da ta tsaya wuri ɗaya da ita ma an shafa mata. Ranar Juma'a, kana masallaci, Mai Safa ya zo zagaye ya ga randunanka. Ya toshe hanci da hankici ya ce wace irin ƙazanta ce wannan a hanyar baƙi. Ya tsare masunta uku da suka makara zuwa masallaci, cikinsu har da Ummaru, ya ce duk wanda bai sa hannu ba za a karɓe tafkinsa. Suka kife randuna bakwai a ƙasa, suka wanke su tas, aka shafa musu farar ƙasa su ma, aka jera su don ado.

Na iso da yamma na tarar da kai zaune a gabansu. Ƙasa ta riga ta shanye aikin kusan shekara biyu. Kai ne ka ce, "Sun yi kyau kuwa, Malam. Ban taɓa ganinsu da haske haka ba." Kududdufin Kurfi kuwa an riga an cike shi an yi filin awon hatsi.

Baƙin sun zo ranar Litinin. Sun yi kwata guda, minti goma sha biyar, sun zauna a rumfa, sun sha lemo, an ɗauki hoto. Babbansu ya yi tambaya ɗaya tak, ko akwai kada a ruwan. Da aka ce babu, ya ce aiki ya yi kyau. Ba wanda ya kalli randunan, fari ko kore. Saboda wannan kwata ɗin aka zubar da abincin kifin bazara guda.

Huseina ce ta cece mu. Da ka koma gida ta ja ka bayan madafi ta nuna maka wani tulu mai fasasshen baki, cike da kore. Ashe tun bara ta ɗebi kaɗan ba ta gaya maka ba, tana zuba masa ruwa tana motsawa duk sa'ad da ta zo hura wuta. Ta ce ita dai hankalinta bai taɓa kwanciya da a tara iri duka a wuri guda ba. Daga wannan tulun ka sake tayar da randuna bakwai, wannan karon a tsakar gidanka. Amma kore ba ya gaggawa don mutum yana sauri. Kafin ya kai a tace, cuta ta riga ta shigo, ka rasa fiye da rabin kifinka, wasu suka rasa duka. Ofis ya rubuta cewa sakacin masunta ne.

A nan na ga halinka. Da haɗin ya samu, ba ka ɓoye ba, ka kasa shi goma sha biyu, kowane tafki da rabonsa. Ummaru ya ƙi zuwa don kunya, yana bin bayan gari don kada ku haɗu. Ka je har gidansa da ƙunshinsa a hannu ka ce, "Ummaru, hito. Kai da ka kihe randa ai ka san nauyinta. Gobe da sahe kai za ka taya ni ɗagawa." Ya fito yana kuka, mutum mai furfura. Ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Ina kuma da laifin da zan amsa, ni da sauran. Da muka ga kana bayarwa kyauta, sai muka bar maka wahalar. Mutum biyu sun gwada kiwon koren a gidajensu, mugun ya mamaye musu, suka daina. Ni da ke da makaranta da ɗakin gwaji, kullum ina cewa zangon gaba zan ajiye randa. Haka muka bar rayuwar tafkuna goma sha biyu a tsakar gidan tsoho guda.

Bazarar bana, a karon farko, tafkunan suka fita lafiya. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Kurfi da ƙauyuka. Nan fa Mai Safa ya gano cewa tun asali yana ƙaunar gansakuka. Ya buga rahoto mai shafi ashirin da huɗu, sunansa a bango da manyan baƙaƙe, ya kira abin sabuwar dabarar da ofishinsa ya ƙirƙiro. Na samu kwafi na karanta. Alƙaluman da ke ciki su ne waɗanda ɗalibaina suka ƙirga a cikin rana, daga takardar da ya riƙe da yatsa biyu, bai ko sauya jerinsu ba. Kai kuma ka fito sau ɗaya, a shafi na goma sha tara, a matsayin wani tsohon lebura da aka horar. Wanda aka horar! Da na karanta maka na fassara, ka ce, "To ai ya yi ƙoƙari, ya tuna da ni." Ni ban da irin zuciyarka, Malam Manu. Na kwana uku abinci ba ya yi mini daɗi.

Aka yaba wa Mai Safa a taro, aka ce ya nuna abin a aikace. Ya sa aka haƙa ɗan tafki a bayan ofis aka zuba kifi. Girman kai ya hana shi zuwa ya tambaye ka, sai ya aika lebura su kwaso gansakuka daga wani lungun madatsa, ya ce su zaɓo wadda ta fi kauri da kyan launi. Wato ya zaɓi guba da idonsa, don ita ce ta fi kama da abin nunawa. Ummaru ya gan su suna kwasa, ya zo ya gaya maka. Da wani ne da ya yi shiru ya jira labari. Kai ka hau keke cikin yayyafin Satumba har Dutsin-Ma. Ka zauna a bencin ƙofar ofis daga hantsi har azahar, riga a jiƙe, masinja yana ce maka Oga yana taro, alhali ana jin rediyonsa. Da za ka tafi ka bar saƙo: "Ka gaya mishi kada shi ba su. Shi shinshina tukuna." Na tambaye ka daga baya me ya kai ka, ka ce kifin ba su yi maka laifin komai ba.

Mai Safa ya ba kifin. Kwana biyu suka mutu ƙurmus, wari ya hana akawu zama. A rahotonsa na gaba ya rubuta cewa gurɓataccen iri ne daga mutanen ƙauye. Aka ba shi zuwa Disamba ya sake nunawa. Wannan shi ne dalilin farar mota a ƙofar gidanka, wannan ne abotar aikin. Mutumin da ya bar ka a benci kana raye ya zo ya zauna a tabarmarka kana kabari, yana leƙen tsakar gida ta ƙofar zaure.

Ranar addu'ar bakwai ya dawo da a-kori-kura da lebura biyu da takarda mai hatimi. Zaure cike yake, Liman yana nan, masunta goma sha ɗaya suna nan, ni da Simeon muna nan. Ya karanta takardar, wai duk abin da ya shafi tafkuna mallakar ofis ne. Sai muka ji muryar Huseina daga bayan asabari, domin tana takaba ba ta fitowa.

Ta ce da ni, "Malam, ka gaya wa baƙo randunan nan uwata ta gina su, da su aka kawo ni gidan nan. Amma ba randa ta kawo shi ba, na sani. Abin da ke ciki yake so, kuma mai shi bai taɓa hana kowa ba, ni ma ba ni hanawa."

Ta turo ƙwarya biyu ta ƙarƙashin asabari, kowace da koren ruwa, an gauraya su har ido ba ya rabewa.

"Guda daga randar marigayi take, guda Ummaru ya ɗebo mini daga lungun madatsa da sahe. Tun da an ce shi ya ƙirƙiro abin, shi shinshina shi nuna ta gidan nan. In ya nuna, wallahi shi kwashe duka bakwai, ni da kaina zan sa a ɗora mishi."

Mai Safa ya dubi ƙwarya ta dama, ya dubi ta hagu. Mutumin da ya rubuta shafi ashirin da huɗu. Ko caca ya yi yana da rabin sa'a, amma ya san in ya kuskure a gaban mutum talatin, kafin ya isa Dutsin-Ma labarin ya riga shi. Ya ciro hankici ya taɓa hanci, ya ce mura yake yi tun jiya.

Liman ya ce, "Allah Ya sawwaƙe." Zaure gaba ɗaya ya amsa da amin mai ƙarfin da ban taɓa jin an yi wa mura ba.

Ya naɗe takardarsa ya ce zai kai maganar gaba. Leburansa biyu sun tsaya sun yi wa iyalinka gaisuwa yadda ya kamata kafin su bi shi, Allah Ya saka musu.

Motar ba ta gama ɓacewa ba Huseina ta ce kowane masunci ya je ya zo da gora. Ta raba irin goma sha biyu, goma sha ɗaya na masunta, ɗaya na makaranta, ta bar na randunanta. Ta kuma gindaya sharaɗi: duk wanda ya karɓa, kowace safiya zai kawo ɗan ruwan randarsa ƙofar zaure, ya shinshina a gabanta ya faɗi abin da ya ji, ita ta gyara masa ta bayan asabari, har ta fita takaba. Ta ce wata huɗu da kwana goma sun isa mai hanci ya koya, kuma daidai lokacin zafi zai fara. Yau kwana tara ana yi, ba wanda ya yi fashi. In jami'in ya dawo da takarda mai hatimi biyu, sai ya bi gida goma sha uku ɗaya bayan ɗaya.

Namu rabon yana bayan ɗakin gwaji. Malam Simeon ya rubuta a jikin randar da baƙin fenti, Koren Manu, haka kuma masunta suka fara kiransa tun kafin su ga rubutun. Ku ɗalibaina, na yanzu da waɗanda suka fita, wasunku za su zauna a ofis nan da 'yan shekaru. Ranar da wani tsoho ya zo ƙofarku da jiƙaƙƙiyar riga, ku tashi ku fito da kanku. Wannan ne kawai roƙona a gare ku.

Malam Manu, ban ga ka riƙe kowa a zuciya ba, ni kuwa ga shi na cika takarda da abin da ka yafe. Ka gafarce ni. Ban iya yin shiru ba.

Ya Allah, ga bawanKa Manu ɗan Dada ya zo gare Ka. Ya ciyar da halittunKa na cikin ruwa, ya tausaya wa waɗanda suka cuce shi, bai hana maƙwabci abin da Ka sanar da shi ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka sa kowane gida da ya ci daga aikinsa ya zama shaida a gare shi ranar hisabi, Ka sada shi da iyayensa a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Huseina, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙanwarsa da dangi na Kurfi, da Ummaru da sauran masuntan Zobe, da Malam Simeon wanda ya yi rashin uba bayan ubansa, da dukkan mutanen Makera. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi nawa. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu tafi hannunmu babu haƙƙin kowa. Amin.